KUNNEN ƊAN KALLO: Rigimar waƙar "Frieren" da makaɗin da ba a cika ambaton sunan sa ba

 

Duk wanda ya taso ya na kallon finafinan Hausa ba sai an yi masa dogon bayani kan ƙarfin waƙa ba. Tun zamanin Sangaya aka gane cewa waƙa ɗaya tak za ta iya sayar da fim. Mutum zai manta yadda labari ya ƙare, amma bayan shekaru in aka saki waƙar a gidan biki sai a ga bakin sa na motsi. To ashe haka abin ya ke har a ƙasar Japan, wajen masu yin katun ɗin nan da ake kira anime, wanda wasu matasa ke bi kashi-kashi kamar yadda yayyen su su ka bi finafinan Indiya.

Sai dai kiɗan anime iri biyu ne, kuma ya kamata mai karatu ya raba su tun daga nan. Akwai waƙar buɗewa da ta rufewa, kowacce kamar minti ɗaya da rabi, waɗanda akan ba fitattun mawaƙa su rera, kuma su ne ake ji a rediyo da wayoyin jama'a. Sannan akwai kiɗan cikin fim, wanda ke tafiya a ƙarƙashin magana, lokacin kuka ko faɗa ko tafiya a daji. Shi wannan yawanci mutum ɗaya ne ke zama ya tsara shi gaba ɗaya, kuma sau da yawa ɗan kallo bai ma san sunan sa ba. A fim mai dogon zango na Frieren, waɗannan biyun ne su ka jawo ce-ce-ku-ce.

MENENE LABARIN?

Asalin sa littafin zane ne da Kanehito Yamada ke rubutawa, Tsukasa Abe na zanawa, wanda ya fara fitowa a 2020. Kamfanin Madhouse, masu Death Note, su ne su ka maida shi fim, da darakta Keiichiro Saito. An fara nuna shi ranar 29 ga Satumba, 2023, inda aka haɗa kashi huɗu na farko aka nuna su a dare ɗaya, zango na farko kuma ya ƙare a Maris 2024 da kashi 28.

Tatsuniya ce ta wata duniya mai sihiri da dodanni. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ta fara daga inda wasu ke ƙarewa. An gama yaƙi, an kashe Sarkin Shaiɗanu, jarumai huɗu sun dawo gida bayan tafiyar shekara 10. Akwai Himmel mai takobi, da Heiter malamin addinin su wanda ba ya wasa da kwalba, da Eisen wada mai gatari, sai Frieren mai sihiri. Ita Frieren daga wani jinsi ta ke masu dogayen kunnuwa da tsawon rai, ta haura shekara 1,000 a duniya amma fuskar ta kamar ta yarinya. A wurin ta shekara 10 ba ta kai a tsaya ana maganar ta ba. Su ka kalli zubar taurarin da ke zuwa duk bayan shekara 50, ta yi masu alƙawarin za ta kai su inda aka fi ganin ta in ta sake zagayowa, ta ɗauki jakar ta ta yi gaba.

Ta cika alƙawari. Amma da ta dawo sai ta tarar da Himmel, kyakkyawan saurayin nan mai son a yabi fuskar sa, ya zama ɗan tsoho mai sanƙo da farin gemu. Jim kaɗan bayan sun sake kallon taurarin ya mutu. A wurin binne shi ne Frieren, wadda ba a taɓa ganin hawayen ta ba, ta fashe da kuka, don sai a lokacin ta gane cewa ta san rayuwar ɗan'adam gajera ce, amma ba ta yi ƙoƙarin sanin ko shi wanene ba. Da-na-sani ƙeya ce. Sauran fim ɗin duk a kan haka ya ke: ta ɗauki ɗaliba marainiya mai suna Fern, da wani matashin mayaƙi matsoraci mai suna Stark, su ka nufi arewa, inda aka ce rayukan matattu ke hutawa, ko za ta samu ta yi magana da Himmel. Hatta lissafin lokaci a fim ɗin, da mutuwar sa ake yi: shekara kaza bayan mutuwar Jarumi Himmel.

Ƙarin bayani ga masu son sanin sunaye: kalmomin Jamusanci ne. Frieren na nufin jin sanyi ko daskarewa, Himmel sararin sama, Fern nesa, Stark mai ƙarfi, Eisen kuma ƙarfe.

INDA RIGIMAR TA TASO

Labari irin wannan, mai tafiya a hankali da ban tausayi, wace irin waƙa ya kamata ta buɗe shi? Masu fim ɗin su ka ɗauko YOASOBI, wato Ayase mai tsara kiɗa da Ikura mai rerawa. Ba ƙananan mutane ba ne. A cikin 2023 ɗin nan dai waƙar su "Idol", ta fim ɗin Oshi no Ko, ta zama ta farko cikin harshen Japananci da ta hau saman jadawalin Billboard na waƙoƙin duniya ban da Amurka. Su ka yi wa Frieren waƙa mai suna "Yuusha", ma'ana jarumi.

Waƙar ta yi kasuwa, amma ta raba kan 'yan kallo. Ɓangare ɗaya su ka ce sam ba ta dace ba. Hujjar su ita ce kiɗan na'ura ne mai gudu, kalmomi na bin juna kamar ana tsere, alhali fim ne da ake iya ɓata minti guda ana nuna mutum na tafiya a cikin dusar ƙanƙara. Mutum ya zauna da shirin jin tausayi, sai a tarbe shi da kiɗan rawa! Ɗaya ɓangaren su ka ce a'a, a nemi fassarar baitocin tukuna. Waƙar labarin Frieren ɗin ce kai-tsaye, ta na tuna mutumin da ya tafi ya bar mata abin da ba ta lura da shi ba sai daga baya. Wasun su ma su ka ƙara da cewa gudun kiɗan ya yi daidai, don haka shekarun mutane ke wuce ta da gudu.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. Amma ɗan kallon da ba ya jin Japananci, sauti ne ke fara isa kunnen sa kafin ma'ana, kuma da shi zai yi hukunci. Shi ya sa da aka shiga kashi na 17 a Janairun 2024 aka canza zuwa waƙar "Haru" ta ƙungiyar Yorushika, mai jita da murya a sake, da yawa daga masu ƙorafin su ka ce yauwa, yanzu aka zo gida. Ita kuwa waƙar rufewa, "Anytime Anywhere" ta mawaƙiya milet, ba a ji wani ƙorafi mai ƙarfi a kan ta ba tun farko. Ba abin mamaki ba ne, domin wanda ya jera mata kayan kiɗa shi ne mai kiɗan cikin fim ɗin, Evan Call.

WANENE EVAN CALL?

Ba Bajapane ba ne. Ba'amurke ne, an haife shi a 1988, ya yi karatun kiɗan fim a kwalejin Berklee da ke Boston, sannan ya koma Japan da zama a 2012. Sunan sa ya fara fita sosai da Violet Evergarden na 2018, wani fim ɗin da shi ma ya sha hawayen jama'a. A 2022 gidan talbijin na NHK ya ba shi kiɗan babban wasan tarihi da su ke nunawa tsawon shekara, aikin da ba kowa ake damƙa wa ba.

A Frieren, ya dogara ne da kayan kiɗa na hannu: sarewa, da goge irin na Turawa, da fiyano, da kayan tsirkiya na gargajiyar ƙauyukan Turai, sai babbar tawagar makaɗa da 'yan amshi in abu ya yi tsanani. Duk wanda ya san yadda goge ko sarewar makiyayi ke taɓa zuciya da yamma zai gane abin nan take, ko da bai taɓa jin sunan kayan ba.

Gwanintar sa ita ce sanin lokacin da zai ja baya. Akwai wurare da dama da kiɗan ke yin ƙasa-ƙasa ko ya ɗauke gaba ɗaya, a bar ɗan kallo da ƙarar iska da takun ƙafa. Da ya ke ba a cika kunne da kiɗa ba, ranar da goge ya tashi sai ya yi nauyi. A duba kashi na 14, inda Frieren ta tuna ranar da Himmel ya durƙusa ya sa mata zobe, ita kuma ba ta ma san ma'anar furen da ke jikin zoben ba. Magana kaɗan ce a wurin. Kiɗan ne ya gaya wa ɗan kallo abin da Himmel ya tafi kabari da shi bai furta ba. A kashi na 15 kuma akwai rawar Fern da Stark a wani taron masu sarauta, inda aka bar kiɗa da motsin ƙafa su ka yi aikin, har ta zama ɗaya daga cikin fitowar da aka fi maimaita kallo.

Kada a ɗauka sanyi kawai ya iya. Kiɗan sa mai suna "Zoltraak", wanda aka raɗa wa sunan wani sihirin kisa a labarin, ganguna ne da muryoyi masu tada tsikar jiki. Wanda ya kalli faɗan Fern da Lugner a kashi na 9 ya san abin da ake nufi.

RANAR RABON KYAUTA

Rigima ta biyu ta zo a Mayun 2025, a bikin rabon kyaututtukan anime na Crunchyroll da aka yi a Tokiyo. Frieren ya samu kyautar gwanin darakta, da ta fim mai taɓa zuciya, da ta zanen wurare, Fern kuma ta samu ta mataimakiyar jaruma. Amma babbar kyautar, ta fim ɗin shekara, Solo Leveling ne ya tafi da ita, haka ma ta kiɗan cikin fim, wadda aka ba Hiroyuki Sawano. Masoya Frieren ba su ji daɗi ba, su ka yi ta cewa an bi yawan magoya baya an bar inganci.

A nan dai sai a yi adalci. Sawano ba kanwar lasa ba ne. Shi ya yi kiɗan Attack on Titan tun 2013, kiɗa mai tsawa da ke sa mutum ya ji kamar ya tashi ya shiga yaƙin. Solo Leveling fim ne na faɗa, kuma irin kiɗan da ya ke buƙata kenan. Matsalar ita ce in jama'a na da hannu a zaɓe, kiɗa mai ƙara ya fi saurin zuwa rai fiye da wanda ya yi aikin sa a ɓoye. Mutum zai yi kuka a wata fitowa, ya yaba wa labari, ya yaba wa mai zane, ya manta cewa da za a cire sautin da wataƙila idon sa bai kawo ruwa ba. Da zango na biyu ya fara a Janairun 2026, masu fim ɗin sun canza darakta amma ba su canza makaɗi ba.

GA MAI SON ƘARI

Wanda kiɗan Frieren ya shiga ran sa, ga wasu da masoya anime ke yawan sakawa a sahun gaba. Akwai Joe Hisaishi, wanda ke aiki da darakta Hayao Miyazaki tun 1984. A nemi "One Summer's Day" na fim ɗin Spirited Away na 2001, wanda ya ci kyautar Oska a 2003. Akwai Yoko Kanno, macen da ta cika Cowboy Bebop na 1998 da kiɗan jaz, kuma "Tank!" ɗin ta har yau ba ta tsufa ba. Yaran Naruto na 2002 kuwa ba sai an tuna masu da "Sadness and Sorrow" ba, kiɗan da in ya tashi an san wani zai mutu ko zai tuna maraicin sa. Masu son murya mai ƙarfi su nemi "Gurenge" ta LiSA daga Demon Slayer na 2019. Sai Your Name na 2016, wanda ƙungiyar RADWIMPS ta yi wa waƙoƙi da kiɗan ciki duka.

Shawarar wannan fili ga matasa ita ce a rage saurin tsallake sunayen ƙarshen fim. Ko na Japan ne ko na gida, akwai wani da ya kwana a situdiyo ya na neman sautin da zai dace da hawayen jaruma, kuma sunan sa na nan a rubuce. A san shi, a ambace shi in ana hira, yadda ake ambaton mawaƙi da ɗan wasa. Wanda kuma zai fara Frieren, ya nemi abin sa wa a kunne mai kyau, ya kalli kashi huɗun farko a zama ɗaya kamar yadda aka fara nuna su. In ya gama ya ji ya na so ya leƙa ɗakin kaka ko ya kira wani tsohon aboki da aka daɗe ba a gaisa ba, kada ya ce sai gobe.

Sai wata na gaba, in da rai da lafiya.