KAMBIN SARAUTAR INGILA: KYAUTA CE KO ƘWACE?

A ranar 6 ga watan Mayun 2023 ne aka naɗa Charles na Uku sarkin Ingila a cocin Westminster da ke Landan, inda babban limamin Cocin Ingila ya shafa masa mai, sannan ya ɗora masa kambin zinariya mai nauyin fiye da kilo biyu. Kafafen yaɗa labarai sun wuni suna zuzuta kayan sarautar, wai gado ne na kaka da kakanni, alhali kuwa tsofaffin kayan an narkar da akasarinsu bayan da aka fille kan Charles na Ɗaya a 1649, wannan kambi kuma a 1661 aka ƙera shi.

To amma akwai dutse guda da ba a yarda an fito da shi ba a ranar, shi ne lu'ulu'un nan da ake kira Koh-i-Noor, wato "tsaunin haske" da Farisanci. Matan sarakunan Ingila sun yi ado da shi a naɗin 1902 da 1911 da 1937, amma a 2023 sai aka bar shi a kulle a Hasumiyar Landan. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Asalin wannan lu'ulu'u na ƙasar Indiya ne, yana cikin duwatsun da aka ƙawata gadon mulkin Shah Jahan da su a Delhi. A 1739 Nadir Shah na Farisa ya ci birnin da yaƙi, ya kashe dubban mutane, ya kwashe dukiyar. Bai shekara goma da shi ba dakarunsa suka kashe shi a 1747. Daga nan dutsen ya faɗa hannun Ahmad Shah Durrani na Afghanistan, sai kuma a 1813 Ranjit Singh, sarkin Punjab mabiyin addinin Sikh, ya tilasta wa jikan Durrani, Shah Shuja, ya miƙa masa. Babu amfanin ɓoye cewa da yawa daga waɗannan sarakuna sunan Musulmi suke ɗauke da shi, kuma jinin talakawansu suka zubar saboda abin da nauyinsa bai kai na ƙwan kaza ba. Zalunci zalunci ne, ko wane ne ya yi shi.

Sai dai su waɗancan ba su taɓa cewa kyauta aka ba su ba. Turawan mulkin mallaka ne suka zo da dabarar yi wa ƙwace takarda. A 1849, bayan da Kamfanin Gabashin Indiya ya murƙushe Punjab, sarkin da ke kan gado a Lahore yaro ne ɗan shekara goma, sunansa Duleep Singh, ɗan Ranjit Singh. Tun 1847 an raba shi da mahaifiyarsa, an tsare ta. Wannan maraya ne Gwamna Dalhousie ya sa aka ajiye wa yarjejeniya a gaba, wadda a cikinta aka rubuta ƙarara cewa zai miƙa Koh-i-Noor ga Sarauniyar Ingila, ya kuma sauka daga mulki shi da zuriyarsa. Ya sa hannu. Da me zai ƙi? Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a fiƙihu ya san cewa kyautar yaro da ta wanda aka tilasta ba sa tabbata, balle wanda ya haɗa biyun.

Abin bai tsaya nan ba. An ɗora yaron a hannun wani likita Bature, a 1853 ya shiga Kiristanci, a 1854 aka kai shi Ingila. A fadar Buckingham aka ɗauko dutsen aka sa masa a hannu, bayan an riga an sassaƙe shi a 1852 daga karat 186 zuwa 105 da ɗoriya don ya yi ƙyallin da Turawa ke so. Ya duba, ya juya, sannan ya sake miƙa wa Sarauniya Victoria. Da ya girma ya gane abin da aka yi masa, ya koma addinin iyayensa, ya nemi komawa Punjab aka tare shi a hanya. A Paris ya mutu a 1893, ba ƙasa, ba dukiya.

Wani abin ban takaici shi ne, duwatsun da aka sa a kambin Camilla a 2023 su ma da tasu tambayar. Ɓantare ne daga lu'ulu'un Cullinan mai karat 3,106, wanda aka tono a 1905 kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu. Gwamnatin Transvaal ce ta saye shi ta bai wa Sarki Edward na Bakwai a 1907, gwamnatin da baƙar fata masu ƙasar, masu shiga ramin haƙar, ba su da ƙuri'a a cikinta. Babban ɓantarensa mai karat 530 yana kan sandan sarautar Ingila. Shi kuma jan dutsen da ke goshin kambin da ake buɗe majalisa da shi, su kansu Turawan suna ruwaito cewa na Abu Sa'id ne, sarkin Garnaɗa ta Andalus, wanda Pedro na Kastil ya kashe a 1362 bayan ya je wurinsa neman mafaka.

Indiya ta nemi a mayar mata da Koh-i-Noor bayan samun 'yancinta a 1947. Zulfikar Ali Bhutto ya nema wa Pakistan a 1976, Taliban ma sun nema a 2000. Hujjar da masu kare Landan ke fakewa da ita ita ce masu da'awar sun yi yawa, wa za a bai wa? Wannan hujja ce ta ɓarawon da ya ga magada na gardama sai ya ce to rigar ta zama tasa. Firayim Minista David Cameron ya fi su fitowa fili, domin a 2010 a Indiya ya ce idan aka amsa wa ɗaya, za a wayi gari gidan tarihin Birtaniya ya zama wayam. Ashe dai sun san abin da ke cikin ɗakin.

Asantawan Ghana sun ga irin adalcin da ake yi idan an matsa. Kayan zinariyar fadar Kumasi, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe wasunsu a 1874, gidajen tarihin Landan sun mayar da guda 32 a 2024, amma a matsayin aro na shekara uku. Shi kuwa Koh-i-Noor ko aron ba a yi maganarsa ba. A 2023 masu kula da Hasumiyar Landan sun sake bayanin da ake nuna wa baƙi, suka amsa cewa dutsen alama ce ta cin ƙasa da yaƙi. Gilashin dai yana nan a kulle, kuma jikokin mutanen Lahore idan suna son ganinsa sai sun sayi tikiti sun bi layi.