Kasuwar intanet ba ta ci sai da mai tsaya wa ciniki

Ba sabon abu ba ne yanzu a ji matasa a Yamai, Maraɗi ko Damagaram sun ƙaddamar da manhajar da za ta haɗa mai saye da mai sayarwa. A yi biki, a ɗauki hotuna, bayan ƴan watanni a buɗe ta a tarar da kaya ƙalilan da farashin bara. A gefe guda kuma ciniki na ta gudana a WhatsApp da Facebook, inda atamfa da turare da wayoyin hannu ke canza hannu kullum. Ke nan masu saye na nan, masu sayarwa ma na nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai tsaya tsakani.

Kasuwar gargajiya ta daɗe da warware wannan. A Turaku, kasuwar dabbobi ta Yamai, baƙo ba ya sayen sa sai ta hannun dillali. Aikin dillali ya wuce nuna dabba: ya san mai ita, shi ne shaidar cewa ba ta sata ba ce, idan kuma magana ta taso shi za a nema. Wannan lamunin ake biya da la'ada. Manhajoji da dama na son la'adar, amma ba sa son ɗaukar lamunin.

A ƙasar Sin, Taobao ya fara a 2003 lokacin da mutane ke tsoron tura kuɗi ga wanda ba su taɓa gani ba. Sai aka fito da Alipay, mai riƙe kuɗin mai saye har kaya su iso hannunsa, sannan a sakar wa mai sayarwa. Zuwa 2006 eBay, da duk ƙarfinsa, ya janye shafinsa daga ƙasar. A Nijar ma akwai tubalin gina irin wannan: Nita, Amana da Al Izza na da rassa har cikin ƙananan garuruwa, ga Airtel Money da sauransu, motocin Rimbo da STM kuma na kai saƙo tsakanin birane kowace rana. Saura mai haɗa su cikin yarjejeniya guda, da ƙa'idar da kowa ya sani game da ranar da kaya suka zo a fashe ko ba su zo ba.

Kuɗi mai yawa ma ba ya maye gurbin wannan. Jumia, da aka kafa a Legas a 2012, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, amma a ƙarshen wannan shekarar ya fice daga Kamaru da Tanzaniya, a 2023 kuma ya rufe sashensa na kai abinci. Kai kaya gida-gida na cin kuɗi, balle a unguwar da adireshi shi ne "bayan masallaci, kusa da famfo". Idan kuma aka ce sai kaya sun zo za a biya, mai saye na iya kashe waya, ɗan kabu-kabu ya dawo da ƙunshi, kuɗin mai ya hau kan mai manhaja.

Saboda haka gara a fara da ƙunci. Kaya iri ɗaya, gari ɗaya, masu sayarwa kaɗan da aka je shagonsu aka ga katin shaidarsu. Babu mai saye da zai dawo kasuwar da ya tarar fayau, don haka masu kaya ake fara tarawa, ko da kyauta ne a watannin farko. Kuma a bar musu damar saƙon murya da Hausa da Zabarmanci, tunda ba kowane mai jima a Damagaram ko mai albasa a Galmi zai cika takarda da Faransanci ba.

Ƴan ci-rani ne suka fi buƙatar irin wannan kasuwa. Mai aiki a Abijan, Akara ko Aljeriya da ya turo kuɗin ragon layya, ko na buhun hatsi da siminti, sau da yawa ba ya sanin abin da aka saya da su, kuma kunya ba ta barinsa ya tuhumi ɗan uwa. Kasuwar da za ta nuna masa ragon a bidiyo da farashinsa, ta riƙe kuɗin har mahaifiyarsa ta kira ta ce ya iso ƙofar gida, za ta samu mai biyan la'ada da daɗin rai. Sai dai a ranar da ragon da aka kai ya bambanta da na bidiyo, mai manhajar ne zai mayar da kuɗin daga aljihunsa, kuma wajibi ne ya tanadi wannan asusun tun kafin ya buga takardar gayyatar bikin ƙaddamarwa.