Jami'ar Noma Ta Zuru: A Tuna Da Cikin Ɗalibi Kafin A Ɗora Wani Bulo

Sanin kowa ne cewa a shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya, a ƙarƙashin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ta amince da ɗaga darajar Kwalejin Koyon Aikin Gona ta Zuru zuwa Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona. Ko shakka babu wannan abin farin ciki ne ga al'ummar ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗu suka tayar da Masarautar Zuru, wato Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da kuma Sakaba, domin ilimin da a da sai an niƙi gari an tafi Sakkwato ko Zariya ko Aliero kafin a same shi, yau ga shi ya zo har ƙofar gida. To amma kawo jami'a ƙofar gida daban, ɗan talaka ya iya shiga cikinta ya zauna har ya kammala shi ma daban. A kan wannan batu na biyu nake so in ɗan yi tsokaci, musamman ga 'yan bokonmu da attajiranmu da tsofaffin sojojinmu, waɗanda Allah Ya hore wa abin da za su bayar.

Kafin a yi maganar kuɗi, ya kamata mai karatu ya san daga wane irin gida ɗalibin wannan yanki yake fitowa. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a masarautar da ke maƙwabtaka da Zuru, suka kwashe ɗalibai da malamai. A watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai sama da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 kuma aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga da ke Danko/Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, waɗanda Allah Ya kuɓutar bayan kimanin mako guda. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji labarinsu. Abin da ba a cika bugawa a jarida ba shi ne magidancin da aka kore wa shanun huɗa, ko wanda ya sayar da dawar da ke rumbunsa ya biya kuɗin fansa, ko wanda ya baro ƙauyensu ya koma raɓe a gidan ɗan'uwa a cikin gari. A ƙasar manoma, rumbu shi ne bankin da ake biya wa yaro kuɗin makaranta daga cikinsa, idan kuwa rumbu ya zama fayau, to karatun yaro ne farkon abin da ake jinginewa. Ƙari a kan haka, tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo.

A tsawon shekarun da na yi ina koyarwa a jami'a, na lura da wani abu da duk malamin da ke duba rajistar ajinsa zai shaida. Ɗalibi ba ya zuwa ya yi sallama ya ce ya bar karatu. Da farko za ka ga ya daina zuwa laccar safe, saboda ya koma tafiya a ƙasa daga unguwa mai nisa inda ɗaki ya fi araha. Daga nan ya kasa buga aikin da aka ba shi. Sai ranar jarrabawa ta zo a tarar bai kammala rajista ba. Zangon karatu na gaba sai ka nemi sunansa ka rasa. Sau da yawa abin da ya raba shi da digiri bai kai kuɗin da wani babban mutum yake liƙa wa maroƙa a dare ɗaya na biki ba.

Wani zai ce ai gwamnati ta yi tanadi. Haka ne, kuma ba za a ƙi yabawa ba. Asusun TETFund, wanda ya gaji asusun harajin ilimi a 2011, ya cika manyan makarantunmu da gine-gine, ya kuma tura malamai da dama ƙaro ilimi, amma ba a kafa shi don ciyar da ɗalibi ba. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar takardun masu nema a watan Mayun 2024, ya zo da biyan kuɗin makaranta da kuma naira 20,000 a wata na kashewa, ba tare da kuɗin ruwa ba. Sai dai fa rance rance ne, kuma sai wanda ya riga ya samu gurbin karatu ne zai iya nema. Yarinyar da ta gama sakandare a Ribah ko Dirin Daji ko Mahuta, wa zai saya mata fom ɗin JAMB? Wa zai biya mata kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa da na kwana a can, da kuɗin karɓar gurbi, da katifa da tukunyar da za ta fara zaman makaranta da su? A wannan ɗan tsakanin, wanda babu wata hukuma da ta ɗauki nauyinsa, ake asarar mafi yawan 'ya'yan talakawa, kuma a nan ne kyautar mai kyauta ta fi amfani.

Abin takaici shi ne, mu a Arewa idan aka ce gudummawa ga makaranta, gini ne kawai yake faɗo mana a rai. Ba ina raina gini ba ne. Ginin makarantar koyon kasuwanci da Alhaji Aliko Ɗangote ya miƙa wa Jami'ar Bayero ta Kano a 2018, da naira biliyan ɗaya da gidauniyar Alhaji Abdussamad Isyaku Rabi'u ta ba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2021, ayyuka ne na alheri da suka cancanci yabo, kuma jaririyar jami'a irin ta Zuru tana buƙatar ɗakunan kwana da na gwaje-gwaje ruwa a jallo. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: gini yana da farin jini ne saboda ana iya rubuta suna a goshinsa, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Kwanon tuwon da ɗalibi ya ci ya samu ƙarfin shiga ɗakin karatu ba shi da bangon da za a manna allo. Shi ya sa na ƙasa da waɗancan attajirai, wanda ba zai iya gina ɗakin taro ba, sai ya ga kamar ba shi da abin bayarwa, ya naɗe hannu.

Da yake harshe shi ne fagen nazarina, bari in ja hankalin mai karatu zuwa ga kalmomin da muke amfani da su, domin suna ɗauke da darasi. Asalin “gudummawa” ita ce rugawa a kai wa wanda yaƙi ko gobara ta rutsa da shi ɗauki. Abu ne na gaggawa, da ƙura ta lafa kowa ya koma gidansa. “Gidauniya” kuwa babbar ƙwarya ce, kuma ƙwarya komai girmanta, in ana ɗiba ba a zubawa, wata rana za a ga gindinta. Wannan shi ne tarihin yawancin bukukuwan ƙaddamar da asusu da muka saba gani: babban mai ƙaddamarwa ya yi alƙawarin miliyoyi a lasifika, a yi tafi, bayan wata shida kwamiti ya gaji da sintiri a ƙofar gidansa, ɗan abin da aka tara kuma ya tafi a kuɗin rumfa da lemo. Akwai kalma ta uku, wadda ita ce muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato “waƙafi”, ko “hubusi” kamar yadda littattafan Malikiyya suka fi kiransa. Kalmar nan ita ce dai wadda muke koya wa yara a darasin ƙa'idojin rubutu, alamar ɗan dakatawa a tsakiyar jimla, kuma tushenta a Larabci tsayawa ne. Dukiyar waƙafi an tsayar da ita: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfanin da take haifarwa ne kaɗai ake ci. Jimla ba ta ƙarewa a kan waƙafi, haka ladan mai shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin ƙasashenmu. Masanin tarihin Masar, Al-Maƙrizi, ya kawo labarin makarantar Ibn Rashiƙ da aka gina a Alƙahira a wajajen shekarun 1240 da kuɗin mutanen Kanem, ya kuma ambata cewa sun ci gaba da aika mata kuɗi a kai a kai. Ke nan kusan shekara 800 da suka wuce mutanen bakin Tafkin Chadi sun gane cewa gina makaranta somin-taɓi ne, riƙe ta shi ne aikin. A Azhar, ɗaruruwan shekaru dukiyar waƙafi ce take ba ɗalibai wurin kwana da rabon gurasa na kullum. Turawa ma da wannan dabara suka yi nisa: Jami'ar Harvard ta Amurka ta samo sunanta ne daga wani malamin coci da ya rasu a 1638 ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafai kimanin 400, yau kuma asusunta ya haura dala biliyan 50, ana juya uwar kuɗin, ana kashe kimanin kashi 5 cikin 100 a shekara, wani kaso mai tsoka a kan ɗaliban da iyayensu ba su da hali.

Zuru ba ta da dala biliyan 50, amma tana da abin da ya dace da ita. Ƙasa ce da aka san ta da fitar da sojoji tun zamanin Turawa, daga kurtu har janar. Marigayi Sarkin Zuru kansa, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na II, wanda ya rasu a watan Agustan 2025, ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985. 'Ya'yan wannan masarauta suna warwatse a barikoki da ma'aikatu da asibitoci da jami'o'in ƙasar nan. Mu yi lissafin 'yan firamare: in mutum 1,000 daga cikinsu za su ba bankinsu umarnin cire naira 5,000 duk wata, an samu naira miliyan 5 a wata, miliyan 60 a shekara. Rabin wannan kuɗi zai ba ɗalibai 125 naira 20,000 kowane wata har shekara ta zagayo, sauran rabin kuma a riƙa sayen kadarar da za a tsayar, kamar shaguna a kasuwa ko ɗakunan haya kusa da jami'a, waɗanda za su riƙe asusun ko da masu bayarwa sun gaji. Manomin da ba ya da albashi ya kawo damin dawa da kaka. Al'ummar da ta san golmo, inda saurayi yake shafe shekaru yana noma a gonar surukansa tare da tsaransa, ba ta buƙatar wani ya koya mata haƙurin aikin gayya mai dogon zango. Kuma jami'ar noma ce fa. In tsaro ya samu, gonar waƙafi da ɗalibai za su noma a matsayin darasi, su ci amfaninta a matsayin abinci, ba abin da zai gagara ba ne.

Sai dai akwai sharuɗɗan da in babu su gara kada a fara. Na farko, Zuru gida ne na Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, sau da yawa ma a cikin zuriya ɗaya. Zakka tana da mutanenta kashi takwas da Alƙur'ani ya ƙayyade, a bar ta a hannun masu ita. Amma waƙafi da sadaka ƙofarsu tana da faɗi, kuma majami'u ma suna da tasu tsohuwar al'adar baiko da ɗaukar nauyin ɗalibai. Asusun da zai tambayi yaro addininsa kafin ya tambayi sakamakon jarrabawarsa da halin gidansu, ɓaraka zai haifar. Na biyu, a nisanta shi da 'yan siyasa. Mun sha ganin tallafin karatu da ke tsirowa ana saura wata shida zaɓe, ya bushe washegarin rantsarwa, ya bar yaro a aji biyu ba tsuntsu ba tarko. Duk ɗalibin da aka ɗauka, a ɗauke shi har ya gama, muddin yana cin jarrabawa. Gara a riƙe 50 zuwa ƙarshe da a yi wa 500 ɗanɗanon zango ɗaya. Sannan don Allah a daina jera 'ya'yan mutane a gaban kyamara riƙe da ambulan. Talauci ba laifi ba ne da za a yi musu tallarsa a Facebook. Kuɗin rajista ya tafi asusun jami'a kai tsaye, na abinci ya shiga asusun ɗalibi, ba tare da ya durƙusa wa kowa ba.

Na san masu cewa duk wannan sauke wa gwamnati nauyinta ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Ba za mu fasa matsa wa Birnin Kebbi da Abuja lamba a kan tsaro da tallafin karatu ba. Amma yaron da ya gama sakandare bana ba zai tsaya yana shekara 18 har sai gwamnati ta gyaru ba. In 'ya'yan yankin suka kasa cike guraben da ke jami'ar, wasu za su cike, kuma haƙƙinsu ne tunda ta tarayya ce. Sai a wayi gari ɗan Zuru yana kai ɗalibai ƙofar jami'a a kan babur, yana juyowa. Hasara ce kuma ga aikin gonar kansa, domin malamin gona da zai yi wa tsoho bayanin iri da taki da C'lela ko Fakkanci ko Dukkanci ya fi wanda zai zo da tafinta tasiri nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage shi ne amana, wadda ita ce ta kashe yawancin asusun da aka kafa a Arewa. Shawarata ga fadar Mai Martaba Sarkin Zuru da ƙungiyoyin ci gaban masarautar ita ce, a yi wa asusun rajista da amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a sa limami da fasto da wakiliyar mata da wakilin jami'a a ciki, a ɗauko mai binciken kuɗi daga waje wanda ba ya da ɗan'uwa a kwamiti. Duk shekara kuma, a lokacin bikin Uhola da 'ya'yan ƙasar suke dawowa gida, a karanta lissafi a bainar jama'a da Hausa da C'lela, a manna kwafinsa a ƙofar fada da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma: nawa ya shigo, nawa aka kashe, shago nawa aka saya, ɗalibi nawa aka ɗauka daga kowace gunduma, kuma nawa ne daga cikinsu suka haye zuwa aji na gaba.