Sharhi: Hukumomi na tara bayanan 'yan ƙasa, amma ba sa magana da juna

Ɗan Najeriya da ya kai munzali kan dangwala yatsunsa a wurare da dama kafin takardunsa su cika: a hukumar NIMC domin lambar NIN, a banki domin BVN, a hukumar zaɓe ta INEC domin katin zaɓe, a hukumar kiyaye haɗurra domin lasisin tuƙi, sannan a hukumar shige da fice idan yana neman fasfo. Yatsun ba su sauya ba, gwamnatin ma ɗaya ce, amma kowace hukuma ta gina rumbunta, ta kuma riƙe makullinsa.

Tun a 2007 aka kafa NIMC da nufin ta zama uwar rumbunan nan. Kafin ta kankama, Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014, ya ci gaba da tafiyarsa.

Amfanin haɗa bayanai ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairun 2016, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi fiye da 23,000 daga jerin albashi, bayan an gwada jerin da lambobin BVN. Ba a ɗauki sabon hoton kowa ba. Rumbuna biyu kawai aka ɗora ɗaya kan ɗaya, ɓarnar ta fito fili.

Sai dai ba haka aka saba yi ba. Da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN a watan Disambar 2020, ana tsaka da annobar korona, jama'a ne suka yi cincirindo a ƙofofin ofisoshin NIMC. An yi ta ɗage wa'adin, kuma a watan Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. A ƙarshen 2023 ma, masu asusu aka umarta su haɗa asusunsu da BVN ko NIN. Wato aikin da ya kamata kwamfutocin hukumomi su yi a tsakaninsu, ɗan ƙasa ake aika ya yi da ƙafarsa.

Wahalar ta fi tsanani inda bayanan suka saɓa. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a banki, Mohammed a fasfo, Muhammadu a NIN. Wata ta yi rajista da sunan mahaifinta, daga baya aka rubuta mata na mijinta. Dattijon da aka haifa a ƙauye ba tare da takardar haihuwa ba, kowane magatakarda ya ƙiyasta masa shekarar da ya ga dama. Kuskuren sau da yawa na mai shigar da bayanai ne, amma mai sunan ke biyan kuɗin gyara da na rantsuwar kotu, kuma gyaran da ya yi a hukuma ɗaya ba ya isa sauran da kansa.

Mayar da NIMC ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a 2023 ya kusantar da ita da masu ba da fasfo, kuma dokar kare bayanai da aka sanya wa hannu a watan Yunin wannan shekara ta bai wa mutum 'yancin neman a gyara bayanansa. Abin da ya rage shi ne a fayyace rumbun da maganarsa ke zama ta ƙarshe idan aka samu saɓani, a kuma wajabta wa hukumar da ta yi gyara ta sanar da takwarorinta cikin ƙayyadadden lokaci.