Waƙa Ba Gawa Ba Ce

A bikin rufe makaranta na bara, wasu ɗalibaina ƴan Tabotaki sun nemi izinin rera Bakandamiyar Narambaɗa da gita da kalangu. Dattawan wata ƙungiyar raya al'adu suka hana, wai ɓata gado ne. Ina girmama furfurarsu, amma hukuncinsu kuskure ne, kuma ajin Faransanci ne ya nuna mini hakan.

Kowace shekara nakan koyar da waƙar Jacques Prévert mai suna "Les Feuilles mortes". Joseph Kosma ya yi mata kiɗa a 1945, aka ji ta cikin wani fim a 1946, ba ta yi wani tashe ba. Sai da ta ƙetare teku, Johnny Mercer ya sa mata baitocin Ingilishi da sunan "Autumn Leaves". A 1955 Roger Williams ya kaɗa ta da fiyano, ta zama ta ɗaya a Amurka. A 1958 Cannonball Adderley da Miles Davis suka busa ta da ƙaho, suka ja ta, suka lanƙwasa ta yadda suka ga dama. Yau duk mai koyon kiɗan jaz sai ya bi ta kanta. Shin Faransawa sun kai ƙara cewa an ɓata musu gado? Alfahari ma suke yi. Da sun kulle ta cikin akwati, da tuni asu ya cinye ta.

To, mu fa? Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa da kotso, a gaban fada, tare da ƴan amshi. Fadar da ta san shi ta shuɗe, kotso ya yi wuyar samu a ƙasar Buza da Madawa da Keita. Abin da ya rage a hannunmu shi ne muryarsa cikin tsofaffin kaset da katin waya. Idan yaro ya saurara bai rera ba, bayan shekara ashirin wa zai fassara wa ƴaƴansa kalmomin?

Kuma masu hanin sun manta da al'adar da suke karewa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai rera tasa Bakandamiyar sau biyu iri ɗaya ba: yakan ƙara, yakan rage, gwargwadon wuri da masu sauraro. Makaɗin Hausa bai taɓa zama rakoda ba.

Za a ce yara za su karya kalmomi, su cusa shirme. Wannan tsoro yana da tushe, na sha jin ana yi wa manyan waƙoƙi haka a gidajen biki. Amma maganin ƙaiƙayi ba yanke hannu ba ne. Aikinmu ne, mu malamai, mu zaunar da su, mu rubuta baitocin daidai da karin harshen Gobir, mu bayyana zambo da habaici da kirari, mu wajabta musu ambaton mai waƙar kafin su taɓa tsirkiya. Bayan wannan, a sakar musu mara.

Ƙungiyoyinmu su zaɓa: ko su zama masu renon waƙa, ko masu gadin kushewarta. Ni dai bana, idan Allah ya kai mu biki, zan sake kai ɗalibaina da gitarsu.