Maganin Gyara Shi Ma Yana Da Tasa Ɓarnar

Tun da aka ƙwace lambar zinariya daga hannun Ben Johnson, ɗan tseren Kanada, a wasannin Olamfik na 1988, duniya ta san haɗarin ƙwayoyin sitiroyid masu kumbura tsoka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne haɗarin magungunan da masu ɗaga ƙarfe ke sha bayan sun dakata da sitiroyid ɗin.

Dalilin shan su a fili yake. Idan namiji ya daɗe yana ɗura wa jikinsa sinadarin mazakuta daga waje, maraina sukan daina yin nasu. Da zarar ya tsaya, sai kasala da damuwa da mutuwar sha'awa su biyo baya, maniyyi kuma ya ragu. Daga nan sai ya shiga neman abin da zai farfaɗo da jikin.

To, amma fa ba don haka aka yi waɗannan magunguna ba. Clomiphene, wanda Amurka ta amince da shi a 1967, na mata ne masu neman haihuwa, yana kuwa iya dusashe gani, wani lokaci ma har bayan an daina sha. Tamoxifen na sankarar mama ne, kuma yana iya daskarar da jini cikin jijiyar ƙafa, gudan jinin ya wuce huhu ya halaka mutum. Anastrozole yana rage sinadarin istirojin, wanda namiji ma yake bukata, har gaɓoɓi su yi ciwo, ƙashi ya raunana. Allurar hCG kuwa tana iya kumbura nonon namiji. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta haramta wa 'yan wasa maza dukkansu. A 2016 an dakatar da ɗan damben Amurka Jon Jones shekara guda bayan an sami clomiphene da letrozole a jikinsa.

Saboda haka wajibi ne hukumar NAFDAC ta tsananta sa ido kan masu kemis da ke sayar da irin waɗannan magunguna ba da takardar likita ba. Ya kamata kuma shugabannin makarantu su faɗakar da ɗalibai masu zuwa gidajen motsa jiki. Wanda kuwa ya riga ya sha sitiroyid, kada kunya ta hana shi zuwa asibiti a auna jininsa, domin likita ne kaɗai zai iya sanin ko jikinsa na bukatar magani ko kuwa haƙuri da hutu kawai.