Kwaku Ananse, mai labarin da ba ya mutuwa

A ƙasar Gana, wajen Asante da sauran ƙabilun Akan, akwai wani mai ba da labari wanda kowa ya sani. Sunansa Kwaku Ananse. Ananse a harshensu shi ne gizo-gizo. Kwaku kuwa suna ne da ake sa wa ɗa namiji in an haife shi ran Laraba, kamar yadda Hausawa ke cewa Bala ko Balarabe. Matarsa Aso, ɗansa Ntikuma. Ba shi da ƙarfi, ba shi da dukiya, kullum cikinsa na kuka. Wani lokaci mutum ne mai gida da gona. Wani lokaci ƙwaro ne mai ƙafa takwas a kusurwar ɗaki. Duk yaron da ya taɓa zama gaban kakarsa da dare zai gane shi nan take. Shi da Gizo mijin Ƙoƙi kamar an tsaga kara.

Mutanen Asante suna kiran kowace tatsuniya da sunansa, Anansesem, wato zancen Ananse, ko da babu gizo a cikinta. Ga dalilin da suke bayarwa. Da can, in ji su, labaru duka na Nyame ne, ubangijin sama a addininsu na gargajiya. Ananse ya je ya ce zai saya. Nyame ya yi masa dariya, don manyan garuruwa masu arziki sun taya sun kasa. Sai ya faɗa masa abin da zai kawo: mesa, da damisa, da zirnaƙo, da aljanar daji, duka da ransu.

Ananse bai ɗauki mashi ba. Ya koma gida ya yi shawara da Aso. Ya sari reshen kwakwa, ya bi bakin rafi yana gardama shi kaɗai: wai matarsa ta ce reshen ya fi mesa tsawo, shi kuwa ya ce ƙarya ne. Mesa ta ji, ta fito, ta miƙe jikin reshen don a gwada. Ananse ya ɗaure ta tam daga wutsiya har kai. Ya je wurin zirnaƙo da gora da ruwa. Ya yayyafa musu ruwa, ya zuba wa kansa saura, ya ce ruwan sama ya sauko, su shigo gora su fake. Suka shiga, ya toshe baki. Damisa, rami ya gina mata kan hanyarta. Aljana kuwa, ɗiyar itace ya sassaƙa, ya shafe ta da danƙo, ya aje abinci a hannunta. Aljana ta ci, ta yi godiya, ɗiya ba ta amsa ba. Ta ji haushi ta mare ta, hannu ya manne. Da haka labaru suka zama nasa. Wani Bature, Rattray, ya rubuta wannan tatsuniya daga bakin mutanen Asante, ya buga ta cikin littafi a 1930. Shi ne kuma ya buga tatsuniyoyin Hausa a 1913, waɗanda wani malami Bahaushe ya rubuta masa da ajami a can ƙasar.

Cikin tatsuniya ana dukan Ananse, ana ɗaure shi, ana jefa shi cikin wuta ko cikin kogi. Gobe da dare sai ga shi ya dawo cikin wani labarin, da yunwarsa da ƙaryarsa. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne ya ƙetare teku bai nutse ba. Zamanin cinikin bayi, Turawa sun loda mutanen Afirka fiye da miliyan 12 cikin jiragen ruwa. Fiye da miliyan 1 daga gaɓar Gana ta yau aka kwashe su, ta gidajen dutse irin na Elmina, wanda mutanen Fotugal suka gina a 1482. An raba waɗannan mutane da tufafinsu da danginsu, har da sunayensu. Labari kuwa babu mai iya lalube shi a jikin mutum. Ananse ya sauka tsibirin Jamaika, ana ce masa Anansi. A tsibirin Kurasawo ana ce masa Nanzi. Bawa ba ya iya tsayawa gaban ubangidansa ya faɗi abin da ke ransa. Amma da dare yana iya ba ɗiyansa labarin ƙaramin gizo da ya yi wa babbar damisa wayo, kuma kowa ya san wace ce damisar. Daga baya wata mata ƴar Jamaika, Louise Bennett, wadda ta rasu a 2006, ta yi ta ba da waɗannan labaru a rediyo da cikin littattafai, da harshen da talakawan tsibirin ke yi a gida.

Daga nan ya shiga littattafan zane na Amurka. Waɗannan littattafai ne da ake ba da labari da hotuna jere cikin ƙananan akwatuna, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa cikin ƴar da'ira. Jarumansu suna tashi sama, suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Akwai Spider-Man, saurayin da ke hawan bango yana harba yana, wanda kamfanin Marvel ya fito da shi a 1962. A 2003 marubucinsa na lokacin, Straczynski, ya sa aka gaya wa saurayin cewa ba shi ne na farko ba, mutum-gizo na farko Kwaku Ananse ne na ƙasar Gana. Wani kamfanin kuma, DC, yana da jaruma Vixen tun 1981. Ƴar Afirka ce, tana rataye da laya mai ba ta ƙarfin kowace dabba, kuma an ce layar daga Ananse ta fito. A 2008 wani marubuci baƙar fata, Dwayne McDuffie, ya fito da Ananse kansa. Aka zana shi ƙaton gizo mai ban tsoro, wanda ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Labaru duka nasa ne, saboda haka yana iya kama labarin rayuwar kowane jarumi ya sake saƙa shi. Batman, wanda ya yi rantsuwa ba zai riƙe bindiga ba, sai ga shi ya koma ɗan bindiga, don kawai Ananse ya juya masa farkon labarinsa.

McDuffie ya gane wani abu na gaskiya. Wanda ke riƙe da labarin mutum yana riƙe da mutumin. Jikokin bayi sun san haka sarai, don an daɗe wasu ne ke ba da labarinsu a madadinsu. Ya kuma kyauta da ya sa dubban yaran Amurka suka ji sunan da kakannin wasunsu suka zo da shi cikin jirgi.

Amma wannan ƙaton gizo ba Ananse ba ne. An ba shi ƙarfi, an ɗauke masa yunwa, kuma da yunwar aka tafi da dabarar. Wanda ke iya juya duniya da ƙafa ɗaya, me zai yi da gora da ɗan ruwa? Ananse na gaske sai ya tsaya ya lura da halin mesa, ya gane tana da girman kai, kafin ya sari reshe. Sai ya tambayi matarsa. Yaro na jin wannan yana cewa a ransa: ashe ƙarami ma yana da hanya. Yaron da ya ga ƙaton gizo cikin littafi, abin da zai ce shi ne: mai ƙarfi ya sake yin abin da ya ga dama. Wannan kuwa ya riga ya gani a kasuwa da filin wasa, ba sai an zana masa ba.

An kuma ɗauke masa kunya. Cikin tatsuniya Ananse yana shan kunya fiye da kowa. Wata rana ya tattara hikimar duniya duka ya zuba cikin tukunya, don kada kowa ya samu sai shi. Ya ɗaura tukunyar a ciki, ya kama hawan doguwar itaciya zai ɓoye ta. Tukunya ta tokare, ya hau ya zame, ya hau ya zame. Ɗansa Ntikuma yana ƙasa yana kallo. Ya ce: «Baba, da ka goya ta a baya, da ka hau.» Ananse ya gane ashe akwai sauran hikima waje, har a kan ƙaramin yaro. Ya fusata, tukunya ta faɗi ta fashe, hikima ta watsu ko'ina. Ubangijin labaru da ake zanawa a Amurka ba shi da ɗan da zai gyara masa kuskure, kuma babu mai yi masa dariya. Su kuwa masu tatsuniya, dariyar nan ita ce horon. Iyayen da ke cewa Gizo maƙaryaci ne, ɓarawo ne, bai kamata a sa shi cikin littafin yara ba, su tuna yadda labarinsa ke ƙarewa. Sau da yawa yana ƙarewa ne da Gizo ya ruga ya ɓuya a rufin ɗaki. Babu yaron da ke kwana yana fatan a kama shi kamar yadda aka kama Gizo.

To, sai a bar zana shi ke nan? Wasu tsofaffi haka suke gani, kuma suna da hujja. In kaka ta ce «ga ta nan ga ta nanku», yara goma na zaune, Gizo goma ne cikin kawunansu. Wannan na ganin tsoho mai ƙaton ciki, wancan na ganin ƙwaro. Zane kuwa fuska ɗaya yake bayarwa, kuma in ta shiga ido ba ta fita. Ga kuma tsamin baki. Gizo ba ya iya cewa «sarki» sai «saiki», Ananse ma ta hanci yake magana, kuma rabin daɗin labarin a muryar mai bayarwa yake. Takarda ba ta da murya.

Duk da haka barin zanen ba zai tsare Gizo ba. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, dare da yawa yanzu na tele ne da salula. Yara suna ganin Spider-Man a jikin riga da jakar makaranta, ko ba su taɓa buɗe littafinsa ba. Har intanet ma Hausawa sun sa mata suna yanar gizo, ga yanar ko'ina, mai yanar ne ake nema a manta. In ƴan ƙasa ba su zana shi ba, wasu za su zana, kuma za su zana abin da ke sayuwa a kasuwarsu. Mutanen Gana sun fara nasu: kamfanin Leti Arts na birnin Akara, wanda aka kafa a 2009, ya fitar da labarin zane na Ananse da ake karantawa a salula. Tun a littafin Rattray na 1930 ma, ƴan ƙasar ne suka yi hotunan da ke ciki.

Makarantun da ke koyar da karatu da harshen gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, su ne suka fi dacewa da wannan aiki. Yaron da ya san labari tun a gida ba ya jin tsoron baƙaƙen da ke ɗauke da shi. Ba a bukatar injin buga littafi. Allo da alli sun isa, ko kaye da fensir. Malam ya raba allo gida shida, a ɗauki tatsuniyar budurwar danƙo, wadda Hausawa ma suke da ita, sai dai a tasu Gizo ne ke mannewa. Gida na farko, Gizo ya ce ba shi da lafiya, ba zai je noma ba. Na biyu, ga shi da dare cikin gonar gyaɗar maƙwabci. Na uku, mai gona ya kafa budurwar danƙo. Na huɗu, Gizo na gaishe ta, tana shiru. Na biyar, hannu da ƙafa duka sun manne. Na shida, gari ya waye, ga mai gona tafe da sanda.

Kowane ɗalibi ya zana nasa Gizon, kada malam ya ce wannan ne daidai. Wanda ya ba shi ƙafa takwas ya yi, wanda ya sa masa hula da ƴar shara ya yi. Sharaɗi ɗaya ne: a bar shi ramamme, da ƙaton ciki, kada a ba shi damtsen ɗan kokowa. Maganarsa kuma a rubuta ta cikin da'ira yadda yake faɗinta. A nan kaɗai malam zai ga ɗalibi ya rubuta «yanka ya daɗe» maimakon «ranka ya daɗe», ya bar jan bik ɗinsa cikin aljihu.